Maigidana ya dawo daga bida, gidan ya yi mana kaɗan

Assalamu alaikum Hajiya, ina gajiya ina aiki. Don Allah ki ɓoye sunana. Ni mace ce ƴar shekara 34 nan cikin garin Tahoua, aurenmu shekara 13, ɗiyanmu huɗu. Maigidana ya yi shekara takwas shina bida a Abijan, garba yake saidawa, abincin nan na rogo da soyayyen kifi, sai ya yi shekara biyu kafin ya zo ya yi wata biyu ko ukku ya koma. Da farko abin da ya aiko shi muke ci, to wani wata a samu wani wata shiru, sai na shiga asusun mata na ɗauki bashin jika 50 na fara ƙanƙara da bisap, daga nan na shiga sayen albasa in tana araha in aje a rudu sai ta yi tsada in saida. Allah ya sa ma abin albarka. Ni ke biyan kuɗin lakwal, ni na tada ɗakin da ruwa ya kada, da Inna uwarshi ta kwanta ni na yi ta kai da kawo likita har ta tashi.

Bara anka rushe musu rumfa, ya yi ciwo, jarin ya ƙare, ya dawo gida gaba ɗaya hannu rabbana. Wallahi ban taɓa yi mishi gori ba. Amma tun da ya dawo kamar an canza min shi. Abu kaɗan sai tsawa, ya ce in ba shi makullin sito da kayen lissafi, ya ce in bar zuwa kasuwa, in abokanshi sunka zo sai ya yi ta aikena kamar yarinya. Rannan babban ɗanmu ya zo gaban ubanshi ya tambaye ni ko ya tafi kallon ƙwallo, uban ya yi jifa da kwanon tuwo. Bai taɓa duka na ba dai. Da dare kuma shiru yake yi, ba ya barci, sai in ji shi yana ta juyi. Inna da na yi ma jinya ita ce yanzu ke cewa ba a maza biyu gida guda.

Ni kuma gaskiya ba ni iya komawa wadda ya bari. Wani lokaci in yana magana sai in ji raina na cewa mi wanga ya sani, sai in yi ta istigfari. Ban san ko ni na canza ko shi ba. In miƙa mishi komi in zauna gida, ko in tafi gidanmu har ya dawo hankalinshi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki. Kafin komi ina so ki cire ma ranki cewa kin yi wani laifi da kika riƙe gidan nan shekara takwas, yara sun ci sun sha sun je lakwal, tsohuwa ta samu mai jinya, wannan rufin asirin mijinki ne kika yi ko da yau idonshi bai ganin haka. Amsar tambayarki ta ƙarshe a gajarce ita ce kar ki miƙa komi, kuma kar ki yi yaji yanzu. Amma bari mu bi abin a sannu don akwai abin da na gani cikin wasiƙarki da nake jin ke kin faɗe shi ne ba ki tsaya kin dube shi ba.

Kin ce ba ki san wa ya canza ba. Ku duka biyu ne, kuma ba zuciyarku ce ta lalace ba, wurin da kowa ya zauna ne ya sassaƙa shi. Mace da ta yi shekaru ita ke yanke magana, idonta ma canzawa yake. Na tabbata in kin shigo gida daga kasuwa kafin ki aje mayafi idonki ya riga ya auna tiya nawa ta rage a buhun hatsi, ya ga famfo na ɗiga, ya ga ƙaramin bai wanke ƙafa ba, kuma bakinki ya saba da magana gajera irin ta ciniki, nawa, bari, kawo, aje can, don da direban kamiyo da masu dako ba a jan zance. Wannan duk alheri ne, shi ya riƙe ku. Sai dai mutumin da ke zaune kan tabarma tun safe ba shi da abin yi, in ya ji wannan muryar a tsakar gidanshi oda yake ji ko da ke ba ki nufi haka ba. Wannan tunanin da ke zo miki na mi ya sani, kar ki tsorata da shi, gaskiya ne akwai abubuwa da yawa na gidan da bai sani ba, bai san sunan mushen ɗanshi ba, bai san nawa ake biyan kuran ba. Rashin sani ne na wanda ba ya nan, ba wauta ba ce. Ki kula dai kar ya fito a fuskarki don namijin da ya faɗi ya fi kowa iya karanta fuska.

Shi kuma fa, ki duba mi aure yake nufi a wurinshi duk shekarun nan. Kin san yadda Adar take, yaro na tasowa yana ganin yayyenshi da kawunnenshi suna tafiya Abijan, Legas, Kamaru, Libiya, kuma namiji a idon gari shi ne wanda ya tafi ya aiko. To shi maigidancinshi gaba ɗaya ya taru ne a abu biyu, saƙon kuɗi ƙarshen wata, da ranar da zai sauka daga mota da akwati da shadda da turamen zane ana ta zuwa yi mishi barka da zuwa. A can kuwa ke kin fi ni sanin irin zaman, tashin asuba, suyar kifi cikin hayaƙi, ɗaki guda mutum biyar ko shida, kowa ya ga dama ya daka mishi tsawa ya haɗiye don yana tuna akwai wani gida a Tahoua da shi ne babba. In ya zo hutu wata biyu baƙo ne na musamman, ana yanka mishi kaza, ba wanda ke kawo mishi maganar ordonas. Maigidanci a wurinshi kamar rigar sallah ce da ke ninke cikin akwati, yanzu an ce ya sa ta kullum, ya sa ya ga ba ta zauna mishi ba, ga jama'a na kallo. Abin da ya iya na miji guda ne, kawowa, kuma shi ne aka rushe tare da rumfar. Mun ga irin wannan sosai a 2011 lokacin da yaƙin Libiya ya koro dubban ƴan ƙasar nan gida ba ko sisi, gidaje da yawa ba yunwa kaɗai ta girgiza su ba, har da zaman maza da ba su san mi za su yi da kansu a cikin gidajensu ba.

Yanzu ga abin da na ce kin faɗa ba ki duba ba. Yaushe yake tsawa? In abokanshi sun zo. Yaushe ya yi jifa da kwano? Da yaro ya tsallake shi a gaban idon kowa. Yaushe yake shiru yana juyi? In an rufe ƙofa ba mai gani. Ƙanwata wannan tsawar rabinta ba ke ake yi ma ba, ƴan kallo ake yi ma.

Bari in ɗan fita in dawo, don akwai wani labari da masu karatun halayyar ɗan Adam ke yawan kawowa. A 1971 wani malamin jami'ar Stanford a Amurka, Philip Zimbardo, ya zaɓi samari ɗalibai 24 lafiyayyu, aka yi ƙuri'a da kwabo aka raba su, wasu gandirobobi wasu fursunoni, aka yi musu kurkukun wasa a ƙarƙashin wani gini na jami'ar ana biyan kowa dala 15 a rana. An shirya sati biyu amma kwana shida aka tsayar saboda wasu masu gadin sun fara wulaƙanta ƴan'uwansu da gaske. Shekara da shekaru ana ba da labarin a kan cewa matsayi na haɗiye mutum, ka ba shi kaki da sanda shi ke nan ya zama wani. Daga baya wani Bafaranshe mai bincike, Thibault Le Texier, ya shiga cikin takardu da faya-fayen gwajin ya fito da su a 2018, sai ga shi ashe masu shirya abin sun yi ta zuga masu gadin suna nuna musu cewa tsanani ake so. Kuma da wasu masana biyu a Birtaniya, Haslam da Reicher, suka yi makamancin gwajin da maza 15 wanda BBC ta nuna a 2002 ba tare da an zuga kowa ba, masu gadin kasa haɗa kai suka yi har fursunonin suka fi ƙarfinsu. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne matsayi ba ya zuwa da halinshi a rubuce, mutanen da ke gefe ne ke raɗa ma mutum yadda ake yin shi. Mijinki yana son ya zama maigida, wannan haƙƙinshi ne, amma wa ke gaya mishi cewa maigida shi ne mai makulli da tsawa? Fada ce, inda ake jefa kalmar mijin-ta-ce ana dariya ana zuba shayi, sai kuma Inna.

Ita Inna na san maganarta ta fi miki ciwo, mutumin da kika ɗauke ma fo ya juyo ya ce miki haka. Ban ce ta kyauta ba. Amma lokacin da take kwance ke ɗiya ce a wurinta, yau kuma ta koma kujerar uwar namijin da gari ke ƙus-ƙus a kanshi, kuma uwa in ta ga ɗanta ya yi ƙasa duk abin da ke tsaye kusa da shi sai ta ga kamar shi ya danne shi. Kar ki yi musu da ita kan maganar maza biyu. Ki same ta ita kaɗai da ɗan goro ko abin da kika san tana so, ki ce Inna ɗanki ba ya barci, ina jin tsoron abin da ke cin shi, ki taya ni mu tada shi. In kin sa ta a layin masu gyara za ta fi miki amfani a kan a bar ta a layin masu tsaron mutuncinshi, kuma tsofaffin Adar da yawa su ma matan ƴan bida ne a zamaninsu, ta san wannan zaman ko ba ta faɗa ba.

Maganar kuɗi kuwa ba zan yi miki kwana-kwana ba. Jarin nan naki ne. A suratun Nisa'i aya ta 32 Allah ya ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta mata ma suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta, kuma Nana Khadija ƴar kasuwa ce da dukiyarta. Ci da sha da tufafi a kan miji suke, abin da kike yi taimako ne da lada. Bayan haka akwai hankali, albasa ba ta da amana, wanda bai san lokacin juya ta a rudu ba da lokacin da za a fitar kafin ta ruɓe zai iya cinye jarin shekara takwas a damina guda, ga bashin asusu da sunanki yake ba da nashi ba. Irin asusun nan na Mata Masu Dubara da aka faro a yankin Maradi tun 1991 da amana yake tafiya, in kika kasa zubi matan unguwa ke za su tuhuma. Kuma in ya karɓa ya faɗi, kunyar da yake ciki yanzu sai ta ninka, ke kuma ba ki da abin tada ku. Saboda haka riƙe jarin ma taimakonshi ne.

Amma riƙewa kaɗai ba ta gyara komi. Mutumin nan yana buƙatar aiki na gaske a gidan nan, kuma ki lura na ce na gaske, kar ki miƙa mishi kuɗin cefane a ɓoye don ya miƙo miki a gaban mutane, wannan wasan sati biyu yake yi ya fara ƙona shi. Ki duba abin da yake da shi wanda ke ba ki da shi. Ya yi shekara takwas a Abijan, ya san kasuwar Ajame, yana jin faransancin kasuwa, yana da lambobin ƴan gari da ke can, kuma albasar Galmi da kike aje wa a rudu ai can da Akara manyan motoci ke kai ta. Ke kina saida ma dillali a nan ya ci ribar tsakiya. Shi zai iya zuwa garake ya yi ciniki da manoma, ya tsaya kan lodi, ya bi maganar masu saye a waya, ke kina riƙe da rudu da firigo da kaye. Kin ga ko maganar fita kasuwar da yake ƙorafi a kai ta ragu da kanta ba tare da kin rufe sana'a ba, don gaskiya fitar matar aure abu ne da malamai ke cewa a yi shi da yardar miji, gara ku daidaita a kan ranaku da wurare da a ce kullum sai an yi faɗa a bakin zaure.

Yadda za ki faɗa mishi ya fi abin da za ki faɗa. Ba da rana ba, ba bayan an yi tsawa ba, ba gaban yara ba. Cikin daren nan da yake juyi, ki tashi zaune ki kira shi da sunan da kike kiranshi lokacin amarci, ki ce baban yara na ga ba ka barci, ni ma ba na yi. Ki fara da tambayarshi yadda aka yi ranar da aka rushe rumfar, don ina kyautata zaton tun da ya dawo kowa jaje ya yi mishi a tsaye ba wanda ya zauna ya ji labarin. Kar ki kawo maganar albasa a daren farko ma. Wani dare sai ki buɗe mishi kayen da hannunki ki nuna mishi shiga da fita da bashi, ki ce ga inda nake cutuwa wajen dillalai, kai ka san can, ya kake gani. Ganin kaye daban, miƙa makulli daban. Sau da yawa mai neman makulli so yake kawai ya daina zama baƙon da bai san mi ke cikin ɗakin gidanshi ba.

In ya yarda, ki ware wani kaso da in ya ɓace ba zai kada ku ba, misali kuɗin buhu 10, ki ba shi bashi ko ku yi tarayya riba a raba, kuma a rubuta da shaida guda, yayanki ko wani dattijo da ku duka kuke jin nauyi. In ya ce rubutu tsakanin miji da mata raini ne, ki ce mishi ba ke kika ƙirƙiro ba, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Rubutun ma yana ɗaga shi, ya zama abokin ciniki ba wanda ake ciyarwa ba.

Yara kuma ba su da laifi, wanda suka saba gani suke tambaya. Ki ja babban gefe ki gaya mishi daga yau maganar fita da ƙwallo da masallacin Juma'a wurin baba take, kuma in baban ya yanke ko bai yi miki daɗi ba kar ki warware a gabansu. Taron iyaye na lakwal shi ya je. Maganar aike a gaban abokai, ni a ganina kai ruwa da gaisuwa da ladabi abu ne mai araha, ki ba shi a yalwace, amma in ya kai ga cin fuska da sunan burge mutane ki yi shiru a lokacin, da dare ki ce mishi abin da ka yi ɗazu ya yi min ciwo kuma bai ƙara maka girma a idonsu ba. In akwai malamin da yake saurare, ba laifi a tuna mishi cewa da aka tambayi Nana A'isha mi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinshi. Daga bakin namiji ɗan'uwanshi zai fi shiga.

Rashin barcin nan kar a raina shi. Mutum ya yi ciwo, ya rasa jari, ya shafe watanni ba barci ga saurin fushi, wannan na iya zama damuwar da ke buƙatar likita. Ki bi ta hanyar ciwon da ya yi a Abijan ki ce a je a sake duba shi a auna tansiyo, in an shiga sai a faɗa ma likitan maganar barcin.

Zai iya ƙin duk wannan, ya ce makulli ko ba komi. In haka ta faru kar ki tsaya ke kaɗai kina ja da shi, ki kira waliyyinki da wani babba a danginshi a zauna, in ta ƙi a je wurin limamin unguwa ko ofishin ƙungiyar addinin Musulunci da ke sulhun ma'aurata, a fayyace mishi a gaban manya abin da yake haƙƙinshi da abin da ba nashi ba. Yaji a yanzu zai tabbatar ma gari abin da yake tsoro, kuma ki bar rudu da firigo a hannun wanda kike gudun ya taɓa su. Amma ki ji ni da kyau, kwanon da aka jefa gargaɗi ne. Ranar da hannu ya taɓa ki ko ya taɓa yaro da sunan huce haushi, lissafin ya canza, ki kwashe ɗiyanki ki tafi gidanku a yi maganar daga can, kuma tun yanzu kuɗin asusu da takardunki su kasance a wurin da ke kaɗai kika sani.

Zai kuma iya cewa a ba shi kuɗin mota ya koma bida. Kar ki yi saurin jin daɗi ko saurin hanawa, ki tambaye shi wurin wa zai sauka da wace sana'a, in dai hanyar hamada ce zuwa Libiya ki sa Inna ta hana shi. Ni dai da zai tsaya ya gwada kaka guda ta albasa tare da ke da na fi so, ga lokacin cirar na zuwa wajen watan uku zuwa na huɗu, kina da sararin yin hirar daren nan da zuwa wurin Inna kafin a fara ciniki a garake. Ki rubuto min bayan kun buɗe kayen tare in ji mi ya ce.